Baƙon Barde da Sarauniya: Launi, Soyayya da Adalci a Ƙissar Parzival da Labarin Bayajidda

Ƙissoshin fada na Jamusawa sun bunƙasa ne tsakanin wajen 1180 zuwa 1220, lokacin da sarakuna da hakiman ƙasar suke ɗaukar nauyin mawaƙa su tsara musu labaran barade cikin waƙa 'yar tagwai, a riƙa karantawa a zauren fada. Yawancin labaran daga Faransa aka aro su, aka sake musu tufafi. Mawaƙa uku suka fi yin fice: Hartmann von Aue mai Erec da Iwein, Gottfried von Strassburg mai Tristan, da Wolfram von Eschenbach mai Parzival da Willehalm. Jigon waƙoƙin nasu bai wuce barde mai neman suna da bakin mashi ba, da mace mai sarauta da yake yi wa hidima, da hukuncin da ake yankewa idan hakkin soyayya ya yi karo da hakkin aure ko gado ko gadon sarauta. Zamani ne kuma na yaƙin Salibiyya. Salahuddin al-Ayyubi ya karɓe Ƙudus a 1187, Sarkin Jamus Frederick Barbarossa ya nitse a kogi a 1190 yana kan hanyar zuwa ƙwato ta, saboda haka masu sauraron waɗannan waƙoƙi sun san akwai wata duniya a gabas da kudu, mai arziki da jarumai, wadda ba ta bin addininsu.

Parzival ce ta fi sauran tunkarar wannan duniya. Wolfram ya tsara ta tsakanin wajen 1200 zuwa 1210, tana da layuka kusan 25,000 a babi 16, kuma kwafe-kwafenta na hannu da suka tsira, cikakku da gutsattsari, sun haura 80. Ya ɗauko ƙashin bayanta daga Perceval na mawaƙin Faransa Chrétien de Troyes, amma babi biyun farko, inda labarin mahaifin jarumin yake, ba su cikin na Chrétien. A nan maganar launi ta shigo.

Gahmuret ƙaramin ɗa ne ga sarkin Anjou. Da uban ya rasu, wansa ya gaje ƙasa dungurungum bisa al'adar Faransa ta ba babban ɗa komai, al'adar da Wolfram ya nuna a fili bai ga adalcinta ba. Gahmuret ya fita neman na kansa, ya shiga hidimar mai mulkin Bagadaza, wanda waƙar ta kira Baruk kuma ta ɗauke shi mafi ƙarfin sarakunan duniya. Daga can jirgi ya kai shi Patelamunt, babban birnin ƙasar Zazamank, inda mutane baƙaƙe ne ƙirin, sarauniyarsu kuma Belakane. Ya tarar da birnin a kewaye: ƙofofi 16, takwas rundunar baƙaƙe ta tsare, takwas ta farare. Dalilin yaƙin ma soyayya ce. Isenhart, baƙin sarkin Azaguk, ya nemi Belakane, ta jinkirta masa don ta gwada shi, ya tuɓe sulkensa ya fita fage haka nan don ya burge ta, aka kashe shi. Danginsa da abokansa, har da na Sukotilan, suka ce ita ta kashe shi.

Wolfram bai ɓoye launi ba, bai kuma mai da shi alamar mugunta ba. Ya faɗi cewa Gahmuret bai saki jiki ba da ya fara ganin mutanen birnin, kuma sumbar maraba da matar mai masaukinsa ta yi masa ba ta yi masa daɗi ba. Ya nuna Belakane tana fargabar kada launinta ya kore baƙon. Sannan ya ba ta duk wata siffa da waƙoƙin fada ke ba mace ta gari: kamun kai, amana, baƙin cikin gaske a kan wanda ya mutu dominta. Har ya ce tsarkinta da hawayenta sun tsaya mata a matsayin baftisma. Wannan yabo ne, amma yabo mai ƙaiƙayi, domin ma'auninsa na Kirista ne, kuma mace sai ta yi kama da su kafin a yabe ta.

Gahmuret ya ci yaƙin, ya aure ta, ya zama sarkin Zazamank da Azaguk. Bai daɗe ba zama ya gundure shi. Ya sulale cikin dare ya hau jirgi, ya bar ta da cikin mako 12 da wasiƙa, inda ya jera mata asalin kakanninsa domin ɗan da za ta haifa, ya kuma ce bambancin addini ne ya raba su. Belakane na gama karantawa ta ce ai da ya nema da ta karɓi baftisma da gudu, in dai zai dawo. Da wannan jimla guda mawaƙin ya karya hujjar jaruminsa. A babi na biyu Gahmuret da bakinsa ya sake wani dalili: ya ce tsare shi da ta yi daga fagen fama ne ya kore shi, kuma jahilai ne kawai ke zaton baƙinta ya guje wa. Mai karatu yana da damar tambayar abin da ya sa sai da ya musanta zargin, in ba don kowa a fadar yana raya shi a zuci ba.

Sai shari'a. A gasar barade ta Kanvoleis, Sarauniya Herzeloyde ta yi alkawarin kanta da ƙasashenta biyu ga wanda ya yi zarra. Gahmuret ya yi zarra, amma ya ce yana da mata wadda yake so fiye da ransa. Herzeloyde ta ce ya rabu da baƙar, domin albarkar baftisma ta fi ƙarfi, ta kuma kai ƙara. Alƙali ya ba ta gaskiya, bisa hujjar cewa duk barden da ya ɗaura kwalkwali ya shiga gasar ya yarda da sharaɗinta. Belakane ba ta da wakili a zaman, ba a aika mata sammaci ba, ba a ma auna ko aurenta aure ne ba. Malaman coci na lokacin suna ganin auren mai baftisma da marar baftisma bai ƙullu ba tun asali, don haka masu sauraro ba za su ga an yi zalunci a fuskar doka ba. Duk da haka Wolfram ya bar zancen yana ciwo. Abin da Gahmuret ya tsira da shi daga shari'ar shi ne izinin fita gasa duk wata. Ƙarshensa ya koma hidimar Baruk, aka kashe shi a fagen yaƙi, aka binne shi a Bagadaza da gicciye a kan kabarinsa. Belakane baƙin ciki ya kashe ta, kuma sai can a babi na 15 ake jin labarin mutuwar tata, a bakin ɗanta.

Ɗan nata shi ne Feirefiz, wanda aka haifa da fata dabbare-dabbare, baƙi da fari, uwar tana sumbatar wuraren fari saboda tunawa da uban. Wolfram ya kwatanta shi da wani tsuntsun Turai mai baƙi da fari, wanda mafi kusa da shi a ƙasar Hausa shi ne hankaka, kuma da wannan tsuntsu ya buɗe waƙar tun farko, a matsayin misalin mutumin da alheri da sharri suka cakuɗe a zuciyarsa. Feirefiz ya girma ya mallaki ƙasashe, ya zo Turai da rundunoni 25 yana neman ubansa. Ya gamu da Parzival, ɗan Herzeloyde, ba su san juna ba, suka gwabza. Takobin Parzival ya karye. Feirefiz ya jefar da nasa, ya ce ba zai sari wanda ba shi da makami ba. A duk waƙar babu barden da ya kai Parzival ƙasa haka, kuma babu wanda ya nuna karamci irin wannan. Da suka gane juna, kowannensu yana kiran kansa magajin Anjou, kuma Feirefiz ne babba. Shi ne ma ya yi wa ƙanen tayin ƙasashen uwarsa biyu.

Fadar Sarki Arthur ta karɓe shi hannu bibbiyu, mata suna rububinsa. Iyakar ta bayyana ne a fadar Gral, dutsen nan mai tsarki da Parzival ya zama sarkinsa. Feirefiz yana kallon Repanse de Schoye, budurwar da ke ɗauke da dutsen, amma dutsen kansa ba ya ganinsa, sai an yi masa baftisma. Ya yarda nan take, kuma waƙar ba ta ɓoye cewa don yarinyar ya yi ba. Aka sa shi ya rabu da Sarauniya Sekundille, matar da ya yi wa hidima a gabas, ba a jima ba labari ya zo ta mutu. Tarihin uwarsa ya maimaita kansa, wannan karon da hannun ɗanta. Ya tafi Indiya da amaryarsa, suka haifi Yohanna Firist, sarkin Kirista na almara da Turawa suka daɗe suna nema a gabas. Babban ɗa ya sami daraja da mata da mulki, amma can nesa. Anjou da Gral suka zauna a ɗakin Herzeloyde.

A Willehalm, wadda Wolfram bai ƙarasa ba, ya ƙara matsawa. Gyburk, 'yar sarkin abokan gaba wadda ta bar mijinta ta karɓi Kiristanci, ta roƙi baraden Kirista su tausaya wa danginta domin su ma halittar Ubangiji ne, mawaƙin kuma ya kira yanka su kamar dabbobi babban zunubi. Amma saninsa da Musulunci bai taka kara ya karya ba. Yana nuna mutanen gabas suna bautar gumaka irin su Jupiter da Juno, kuskuren da ya zama ruwan dare a adabin Turai na lokacin.

Mutanen ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga labari mai wannan ƙira. Bayajidda, a ruwayar Daura, ɗan sarkin Bagadaza ne da ya bar gida, ya sauka Borno da mayaƙansa. Mai na Borno ya ba shi 'yarsa Magira, sannan ya riƙa zare masa mutane da dabara har ya ga alamar ana shirin halaka shi. Ya gudu da matar, ya bar ta a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja da tsohon ciki, inda ta haifi Biram. Daga nan ya zo Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Duk wanda ya dubi taswira zai ga Gaya ba ta kan miƙaƙƙiyar hanya daga Garun Gabas zuwa Daura, sai an yi kwana zuwa kudu sosai. Labarin ya yi wannan kwanar ne domin sunan da Gaya ta yi a ƙira, kuma ruwayar Kano tana goyon bayansa, tunda tana cewa Abagayawa maƙera daga Gaya suka je Dala neman tama. Ɗan sarkin Bagadaza, da duk asalinsa, bai iya fuskantar macijin ba sai da ƙarfen 'yan ƙasa.

Sauran sananne ne. Ya isa Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je ya sare kansa ya ɓoye. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, masu ƙarya suka taso, baƙon ya fito da kan. Gottfried yana da irin wannan shari'a a Tristan, inda wani bafade ya yanke kan dodon da ba shi ya kashe ba ya nemi a ba shi gimbiya, Tristan ya ƙaryata shi da harshen dodon da ya riga ya cire. A Iwein ma barde ya kashe mai tsaron maɓuɓɓugar ruwa ya auri uwargijiyar wurin. Wannan kamanni ba ya nufin wani ya kwafi wani. Tatsuniyar mai kashe dodo ta zaga duniya, kowace al'umma ta ɗora mata kayanta.

Kayan da Daura ta ɗora mata na gado ne. Bayajidda ya ƙi rabin gari ya nemi aure. Daurama ta amince, amma al'adar sarautarta ta hana ta kusantar namiji, sai ta ba shi ƙwarƙwara, Bagwariya. Bagwariya ta riga haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Sarauniya ta ji saƙon da ke cikin sunan, ta ajiye al'ada, ta haifi Bawo, wanda sunansa ke neman a dawo da garin. 'Ya'yan Bawo shida suka mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari aka ba ta Banza Bakwai, waɗanda aka fi lissafawa da Zamfara, Kabi, Yawuri, Gwari, Nupe, Kwararrafa da ƙasar Yarabawa, ko da yake jerin yana sauyawa daga ruwaya zuwa ruwaya. Daga Bawo kuma mulkin mata ya ƙare a Daura, kamar yadda Zazamank ta fita hannun Belakane ranar da ta yi aure.

Idan aka jera labaran biyu, za a ga abin da Wolfram ya tara a kan mace guda, ruwayar Daura ta raba shi ga mata biyu. Magira ce aka bari da ciki a hanya, Bagwariya ce aka ture zuriyarta gefe. Magira ta fi Belakane sa'a, domin ɗanta ya shiga cikin bakwai ɗin, albarkacin kasancewarta 'yar sarki kuma matar aure. A shari'ar Malikiyya da alƙalan ƙasar Hausa ke bi, macen da miji ya yi wa irin wannan tafiya tana da ƙofar kai ƙara, ko a kan ci da sha, ko a kan ɓatan miji, inda ake yanka mata jiran shekara huɗu sannan ta yi idda. Belakane ba ta da irin wannan ƙofa a waƙar, Magira ma labarin bai sake waiwayarta ba. Karɓagari kuwa tamkar Feirefiz yake: shi ne ya riga ɗan sarauniya zuwa duniya, uba ɗaya, jini ɗaya, an ba shi ƙasashe masu faɗi, amma a bayan ganuwa.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne ruwayar Daura ba ta kafa hujja da launin kowa. Ba ta ce Bagwariya ta fi Daurama baƙi ba. Abin da ya rage mata daraja shi ne bauta da kuma ƙabila. A nan ma akwai abin lura, domin hukuncin labarin ya saɓa wa fiƙihun da Hausawa suka sani. A Musulunci ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana gado daidai da ɗan matar aure, uwar kuma ba a sayar da ita, tana 'yantuwa da mutuwar maigidan. Fadojin Kano da Katsina da Zazzau sun ga sarakuna da yawa 'ya'yan sa-ɗaka, ba wanda ya ce sarautarsu ba ta halatta ba. Dokar Jamusawa ta wancan zamani ce ta fi kusa da hukuncin da aka yi wa Karɓagari, domin a can idan iyaye ba su yi daidai a daraja ba, ɗa yakan bi wanda ya fi ƙasƙanci a cikinsu. Wannan ya nuna rabon Hausa da Banza ba fatawa ba ce, siyasa ce. Kabi da Zamfara Hausa suke yi. Kabi ta zamanin Kanta a ƙarni na 16 ta gagari maƙwabtanta, Kwararrafa kuma ta sha kawo wa Kano hari har ta shiga birnin a ƙarni na 17. Waɗanda aka kira 'ya'yan baiwa sau da yawa su ne abokan hamayyar da aka kasa murƙushewa.

Ba wai maganar launi ba ta taɓa iso wannan yanki ba. Ta zo ta hanyar littattafan Larabci da kasuwar Sahara. Almajiran adabi sun san Antara ɗan Shaddad, mawaƙin Jahiliyya, wanda uwarsa Zabiba baiwa ce Bahabashiya, ubansa bai amsa shi ɗa ba sai da ya nuna jarumta, kuma ya sha wuya wajen neman Abla 'yar baffansa saboda launinsa da asalin uwarsa. A 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta Mi'iraj al-Su'ud yana amsa tambayar mutanen Tuwat game da bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙaƙe. Ya ce baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, ya yi watsi da zancen la'anar Ham, ya ambaci Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Tambayar kanta shaida ce cewa akwai masu haɗa launi da bauta. Amsar kuma ta ajiye iyakar a kan addini, wato daidai inda fadar Gral ta ajiye tata, sai dai kowane ɓangare yana tsaye a nasa gefen.

Tsoffin rubuce-rubucen da suka taɓo labarin ba su ma yarda da juna a kan asalin kakan ba. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta wajen 1812, ya kawo cewa Bawo bawan sarkin Borno ne, ruwayar da ta juya labarin kai a ƙasa, ta mai da Hausa Bakwai kansu zuriyar bawa. Wanda ke riƙe da alƙalami shi ke zaɓar wanda zai zama ɗan baiwa. Bajamushe Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, shi ma ya rubuta abin da ya ji game da Bawo da rabon ƙasashen.

Launi ya shiga labarin Bayajidda sosai ne a zamanin Turawan mulki. H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano a 1908 ya kuma buga Sudanese Memoirs a 1928, yana cikin masu ra'ayin cewa sarauta da tsarin mulki a Afirka wasu baƙi masu hasken fata ne suka kawo su daga arewa ko gabas. A wannan karatu Bayajidda ya zama fari mai wayewa, Daurama da mutanenta suka zama baƙaƙen da aka zo wa da ita. A 1966 W. K. R. Hallam ya danganta shi da Abu Yazid, Babarbaren da ya yi wa Fatimiyawa tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947, yana ganin mabiyansa ne suka gudo kudu. Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya ƙalubalanci wannan hanya gaba ɗaya a 1970. Ya nuna cewa birane da sarautun Hausa sun tsiro ne daga cikin ƙasa, daga noma da ƙira da kasuwa da wuraren tsafi irin Dala, kuma labarin da kansa ya nuna baƙon ya tarar da gari da sarauniya da masu sarauta, bai kafa ko ɗaya ba. Binciken tona ƙasa ya ƙarfafa shi, domin an gano alamar narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, shekaru ɗaruruwa kafin 999, shekarar da Palmer ya ƙiyasta wa hawan Bagauda ɗan Bawo.

A Turai kuma akasin haka ya faru. Lokacin da Richard Wagner ya mai da labarin wasan waƙa mai suna Parsifal a 1882, babu Belakane a ciki, babu Feirefiz. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 masana suka koma kan babi biyun farko da gaske, suna muhawara a kan ko ya dace a yi maganar wariyar launi a zamanin da bai san rabe-raben jinsi na ƙarni na 19 ba. Geraldine Heng, a littafinta na 2018, tana cikin masu cewa ya dace, domin a ganinta addini a lokacin yana yin aikin da launi ya zo ya yi daga baya, wasu kuwa suna ganin baftismar da ta buɗe wa Feirefiz ido ba tare da ta sauya masa fata ba ta isa nuna cewa iyakar Wolfram mai ƙetaruwa ce.